Girgizar Atam a Ƙarfe Mai Ƙananan Ƙwayoyi

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa ƙarfen da ƙwayoyinsa (ƙananan gutsattsarin da suka haɗu suka yi shi) ba su kai nanomita 100 ba yake shan zafi fiye da na yau da kullum kafin ɗuminsa ya ƙaru. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Amsar tana kan iyakokin ƙwayoyin. Idan ƙwaya ta kai nanomita 10, kaurin iyakarta kuma nanomita 1, kusan kashi 30 cikin 100 na atam suna zaune ne a kan iyaka, inda jerinsu ya hargitse, riƙon maƙwabta ya yi sako-sako, sai su riƙa girgiza a hankali, irin wannan girgiza kuwa ita ke sa ƙarfen ya ƙara shan zafi. Gwaje-gwajen harba niyutiron (wani ɗan ƙanƙanin ɓangare na atam) a baƙin ƙarfe da nikel masu ƙananan ƙwayoyi sun nuna ƙaruwar irin wannan girgiza. A ganina, ka kula da ramuka da iskar oksijin a samfurin ƙarfen da kake gwadawa, domin su ma suna ƙara adadin zafin da yake sha.