Ga ƙanwarmu da ta yi tambaya a kan "kada ku yi hukunci"

Salama a gare ki, ƙanwata. Tun daren jiya na karanta tambayarki, da ita na kwana a rai. Kin ce ƙawarki a ƙungiyar mawaƙa tana hulɗa da mijin wata, da kika taɓo maganar sai ta toshe miki baki da cewa Yesu ya hana a hukunta kowa. Yanzu kin rasa ko shiru za ki yi, ko ki kai wa dattawan ikkilisiya.

Ayar da ta kawo tana nan a Matiyu 7:1. Amma ki ci gaba da karatu har aya 5. Yesu bai ce a bar haki a idon ɗan'uwa ba. Cewa ya yi mutum ya fara fid da gungumen da ke nasa idon, sannan ya ga yadda zai cire na ɗan'uwansa. Duk wanda iskar hunturun Katsina ta taɓa watsa wa ƙasa a ido ya san ba a barin ta a ciki, ya kuma san ba kowane hannu yake yarda ya taɓa masa ido ba.

Ni da tsada na koyi wannan. Shekarun baya, a zumuntar matanmu, muka zo lissafin asusu sai aka ga naira dubu 40 babu. Ni na fara ganowa. Na san gidan ma'ajiyarmu, amma ban taka ba. Na jira ranar taro, mata sun cika benci, na miƙe da littafin a hannu na karanta giɓin. Har yau ina ganin yadda ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta, ba ta ce uffan ba. Gaskiya na faɗa, ita ta taɓa kuɗin. Abin da ban sani ba, ɗanta mai sikila ne aka kwantar, aka nemi jini cikin dare. Ta sayar da tunkiyarta ta biya kuɗin tas, amma daga ranar ƙafarta ta ɗauke daga majami'a.

Da na zauna da kaina a gaban Ubangiji, sai na ga gungumen. Ni ma na nemi wannan kujerar, aka zaɓe ta aka bar ni. Ba kishin asusu kaɗai ya miƙar da ni ba. Sai bayan wata 8 na iya zuwa na durƙusa mata. Ta yafe, Allah ya saka mata, sai dai wata ikkilisiya take zuwa har yanzu.

Hanyar da na tsallake a rubuce take, Matiyu 18:15-17. Ki fara samun ta ku biyu kawai. In ta ƙi ji, ki koma da mutum ɗaya ko biyu. Ikkilisiya ce ta ƙarshe, ba ta farko ba. Bulus kuma ya ce a Galatiyawa 6:1 a maido da wanda ya faɗi cikin tawali'u, mai maidowar yana kula da kansa. Ki kuma yi hattara da "mu sa ta cikin addu'a" da ake raɗa wa mutum biyar. Mu mata mun san sau da yawa tsegumi ne ya yafa gyalen addu'a.

Shiru kuwa ba ƙauna ba ce a nan, domin akwai wata mata da 'ya'yanta da ake rusa wa gida. A Yohanna 8, Yesu ya hana a jefi matar da aka kama da zina, bai kuma sallame ta ba sai da ya ce kada ta ƙara.

Kafin ki je, ki tambayi kanki abin da idonki ya gani da abin da aka ce an ce. Kada ki tare ta a wurin koyon waƙa, kada kuma ki tura saƙon WhatsApp. Ki bi ta gida lokacin da babu kowa, ki bar ta ta fara magana. In ta rufe ƙofa, sai ki nemi uwa ɗaya a zumunta mai riƙon asiri ku koma tare. Zan riƙe ku biyun a addu'a wannan makon.