Tambaya da Amsa: Ɗan magena ya ƙi yin kashi a tsakar gida

Tambaya:
Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema. Maƙwabciyata ce ta bani ɗan mage namiji, satinsa takwas yanzu, na zuba masa yashi a tsohuwar roba na ajiye a lungun falo kuma yana shiga yana yi, amma warin ya ishe mu har maigida yace ko dai ya koma yi a waje ko a mayar da shi. Na ɗauke robar na kai tsakar gida, washegari sai na tarar yayi fitsari a kan sallaya. Ina da yara biyu masu wasan ƙasa, kuma ina da ciki wata huɗu. Ya zanyi?
Mai karatu, daga Gusau

Amsa:
Wa alaikumus salam ƴar'uwa, Allah ya raba lafiya. Kafin maganar mage bari in fara da ke, dan Allah daga yau ki cire hannunki daga wannan robar. Akwai wata ƙwayar cuta da ake kira tokzoflazma da kan fito a kashin mage, babba mai lafiya sau da yawa ba ya ma jin komai amma tana iya illata ɗan da ke ciki. Sauƙin abin shine kashin sai ya kwana ɗaya zuwa biyar kafin ƙwayar ta zama mai kamuwa, shi yasa kwashewa kullum ke da muhimmanci, kuma wannan aikin na maigida ne har ki haihu. In ya zama dole ke za ki yi, ki sa safar hannu ki wanke hannu da sabulu. Ba dalilin korar magen bane, amma ki faɗa musu in kin je awo.

Shi kuma ɗan magen wallahi baiyi laifi ba. Tona ƙasa da binne kashi ba koya wa mage ake yi ba, haka Allah ya halicce ta, tun tana sati huɗu take fara neman rairayi da kanta, abin da ya rage miki kawai ki nuna masa wurin. Ke kuma rana ɗaya kika ɗauke masa makewayinsa, ya dawo lungun da ya sani bai ga komai ba, sai ya nemi abu mai laushi mafi kusa.

Ki sa a mayar da robar inda take ya sake kwana biyu ko uku hankalinsa ya kwanta, sannan kullum ki sa a matsar da ita taku ɗaya ko biyu wajen ƙofa, in ya yi a ƙasa to an yi sauri ne, a dawo da ita baya kaɗan. Kafin ta isa waje ku zaɓi lungu guda a tsakar gida, nesa da madafa da rijiya da inda yake cin abinci, domin mage ba ta son yin kashi kusa da kwanonta. A sassaƙe ƙasar wurin a zuba yashi mai laushi kamar zurfin yatsa, a ɗebi kaɗan daga yashin robar wanda ya riga ya yi fitsari a kai a barbaɗa, wannan zarnin shi zai gaya masa nan ne. Ku jingina guntun kwanon rufi ko katako a sama saboda ruwan sama, ni da nawa magen na ga wannan, ruwan farko na damina da ya jiƙa yashin ya taka sau ɗaya ya girgiza ƙafa ya wuce sito bayan buhun masara.

Lokacinsa sananne ne, da ya gama cin abinci ko ya tashi daga barci. Za ki ga yana shinshina ƙasa yana kartarta da ƙafa yana zagaye da ɗan kuka, to a ɗauke shi a hankali a ajiye a yashin a ja baya. Kada a dake shi, kada a goga hancinsa a fitsarin, tsoronku kawai zai koya ya riƙa ɓuya ƙarƙashin gado yana yi. Da dare in kuna rufe ƙofa dole a bar masa ƙaramar roba a ciki.

Kuma tsakar gida nace ba ƙofar gida ba, a wannan shekarun bai isa fita layi ba. Ku kai shi asibitin dabbobi, allurar rigakafi ta farko a sati takwas zuwa tara ake yi, ta biyu bayan sati uku ko huɗu, ta haukan kare kuma daga sati sha biyu, ku karɓo maganin tsutsar ciki a can saboda yaranki. Kada ku ba shi maganin mutane, farasitamol kashe mage yake yi. Yashin da yara ke wasa a riƙa rufe shi da buhu in sun tashi.

Sallayar da lungun a wanke da omo da ruwa sosai a shanya a rana, in zarnin ya rage zai koma. Amma banda Dettol da duk irin maganin da ke mayar da ruwa fari kamar madara, guba ne ga mage in ta taka ta lashe ƙafa. Ki tambayi likitan maganar dandaƙa shi wajen wata biyar ko shida kafin ya zama muzuru ya fara fesa fitsari a bango, in kuma kika taɓa ganin yana tsugunne yana nishi fitsarin baya fita, a ranar za a kai shi asibiti.