Tambaya da Amsa: Ƙusar Taya Ta Karye, Kuma Yaya Ake Ɗaure Notin Shaf?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da ƙaramar mota wadda ta haura shekara ashirin, mai jan gaba, kuma kowace tayarta na da ƙusa huɗu. Da na zo canza tayar gaba sai ƙusa ɗaya ta karye, wata kuma zarenta ya cinye har noti ba ya kamawa. Shin zan iya ci gaba da hawa a haka? Sannan in aikin ya kai ga kwance babban notin nan na tsakiya, wane irin ɗauri yake buƙata, kuma za a iya mayar da tsohon?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. A ajiye motar nan har sai an gyara, domin taya mai ƙusa huɗu da biyu suka lalace ta rasa rabin abin da ke riƙe ta, kuma ragowar biyun suna ɗauke da nauyin da ba a yi su dominsa ba.

Ya kamata a fara da sanin abin da ya karya ƙusar, in ba haka ba sabuwar ma hanyar da tsohuwar ta bi za ta bi. A mafi yawan lokuta laifin na ɗaurin da ya wuce kima ne. Notin taya a ƙananan motocin Toyota ana ɗaure shi a kan 103 Nm, na Honda kuma a kan 108 Nm, wato ma'aunin ƙarfin murɗawa da ake kira niyutan-mita. To amma mutum mai nauyin kilo 70 in ya zura bututu mai tsawon mita ɗaya a sifana ya hau kansa da ƙafa, ya ɗora wa ƙusar kusan 690 Nm, fiye da ninki shida na abin da aka ƙayyade. Ƙarfen yana miƙewa ya sirance ba tare da ido ya gani ba, sai wata rana ya tsinke a hannun wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Saboda haka ina ba da shawarar a canza duk huɗun na wannan tayar, tunda hannu ɗaya ne ya ɗaure su.

Wajen sayen sababbi a tafi da tsohuwa a gwada. Toyota da Honda suna amfani da zare mai awon M12 x 1.5 (wato kaurin ƙusa milimita 12, tazarar zare milimita 1.5), Nissan da Subaru kuma M12 x 1.25, kuma a ido kusan ɗaya suke, amma notin wannan yana cinye zaren waccan. A duba tsawo, a kuma duba kaurin wuyan nan mai tsaga-tsaga wanda ke cizon ramin hob, wato ƙarfen da ƙusoshin ke zaune a jikinsa ake ɗaura masa taya, domin in ya yi siriri ƙusar za ta riƙa juyawa tare da noti, in ya yi kauri kuma zai ɓata ramin.

Aikin kansa ba shi da wuya sosai. Bayan an ɗaga motar an tokare ta da abin tokara mai ƙarfi, ba jak kaɗai ba, sai a cire taya, a kwance kan birki, wato abin da ke matse faifan birki, a rataye shi da waya don kada ya yi lilo a jikin tiyon man birki, sannan a zare faifan birki. Ana tura tsohuwar ƙusa ta baya. An fi so a yi hakan da abin matsa, irin wanda ake cire bol-join da shi, saboda dukan guduma mai yawa yana ratsawa har cikin boris ya bar masa tabo. In babu sai guduma, to a yi bugu kaɗan masu kaifi a daidai kan ƙusar. Daga nan a juya hob har a sami gurbin da sabuwa za ta shiga ta baya, a jera washa uku ko huɗu a gabanta, a ɗaura noti mai buɗaɗɗen kai ta ɓangarensa mai shafe, a yi ta murɗawa har kan ƙusar ya zauna daram a bayan hob ba tare da wata tazara ba. Kada a shafa giris ko mai a zaren, domin alƙaluman da na ambata na busasshen zare ne. A ɗaure notocin taya a gicciye da sifana mai awo, sannan a sake duba su bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100.

A motoci da yawa ba a taɓa notin tsakiya kafin a gama wannan aiki. A wasu kuwa babu gurbi a baya, sai an zare hob, kuma a nan ne tambayarka ta biyu ta shigo.

Wannan noti ba riƙe shaf, wato sandar da ke juya tayar, kawai yake yi ba, shi ne yake matse sassan boris biyu na ciki su zauna yadda aka tsara. In ya yi sako-sako boris yana samun wasa, ya fara gunji, taya ta riƙa girgiza. In an wuce da shi kuma ana iya lalata zaren shaf ko boris ɗin kansa. Ƙananan motoci masu jan gaba da yawa suna buƙatar abin da ya kama daga 180 zuwa 250 Nm, amma ainihin adadin yana cikin littafin gyaran motarka, kuma shi za a bi. A sa wani ya taka birki yayin da ake ɗaurewa, kuma kada a sauke motar a gangara da ita alhali notin yana kwance, ko da taku biyar ne, domin nauyinta yana iya raba boris ɗin.

Batun mayar da tsoho ya danganta da irin notin. Wanda ake doke leɓensa cikin tsagar shaf sau ɗaya ake amfani da shi, saboda leɓen da aka lanƙwasa aka miƙe ya riga ya yi rauni. Mai rawani da ake zura wa fil kuwa ana iya mayar da shi in zarensa lafiya yake, amma fil ɗin dole sabo ne, kuma in ramin bai daidaita ba sai a ƙara matsawa kaɗan, ba a sassauta ba.

Akwai wani tarko da ya kamata in ambata, tunda motar tsohuwa ce. Tayoyin baya na wasu tsofaffin motoci masu birkin ganga suna da boris mai siffar mazurari, wanda ɗaurinsa ya sha bamban da na gaba: ana matse notin a hankali ana juya tayar har boris ya zauna, sai a sassauta, a sake ɗaurewa da ɗan ƙarfi kaɗan yadda taya za ta juya sumul ba tare da wasa ba, sannan a sa fil. Wanda ya ɗora wa irin wannan 200 Nm zai ji ganga ta yi zafi kafin ya yi nisa, boris ɗin kuma ya ƙone.