Maganar bindigar da kwastoma yake so a aika wa ƙanensa

Toh ɗana na ga saƙonka tun ɗazu ina kan hanya ne shi ya sa ban amsa ba. Ka ce wani kwastomanmu ya shigo shagonmu na aika kaya da dogon kwali, bindigar farauta ce a ciki, yana so a tura wa ƙanensa a Pittsburgh kafin a buɗe farautar barewa ƙarshen Nuwamba, wai ai daga Harrisburg zuwa Pittsburgh duk cikin jihar Pennsylvania ta Amurka ne babu wata doka da ta hana, kai kuma ka ce masa ya bari sai ka tambaye ni. Wallahi na ji daɗi da baka karɓa ba, Allah Ya yi maka albarka.

Mutumin bai yi ƙarya ba, rabin gaskiya ya faɗa maka. Dokar tarayya ta Amurka, wadda aka yi tun 1968, abin da ta fi sa wa ido shi ne bindiga ta tsallaka daga wata jiha zuwa wata. Mutum marar lasisi ba zai ba wa ko ya aika wa mazaunin wata jiha bindiga kai tsaye ba, dole sai ta bi ta hannun dila mai lasisin tarayya, wanda ake ce wa FFL, can a jihar mai karɓa. Kuma ba ruwan dokar da nisa fa, kaga Philadelphia da Camden gada ɗaya ce tsakaninsu kana hango ɗaya daga ɗaya, amma Camden New Jersey ce, shikenan ka shiga laifin tarayya, alhali Erie da take can ƙuryar arewa tafiyar awa da awanni cikin jiha take. In dai mutum biyun duk mazauna jiha ɗaya ne tarayya bata hana ba, sai dai in mai aikawa ya sani ko yana da dalilin zargin cewa mai karɓar yana cikin waɗanda aka haramta wa riƙe bindiga, wanda aka taɓa samu da babban laifi, wanda aka hukunta kan dukan iyali, mai shan ƙwaya, wanda bashi da takardun zama. Har mai bizar ziyara ko ta karatu yana ciki sai in yana da wani togaciya kamar lasisin farauta, wannan ka riƙe shi sosai don mutanenmu da yawa basu sani ba.

Amma tarayya ba ita kaɗai ke magana ba, jiha ma da bakinta. A nan Pennsylvania doguwar bindiga irin ta farauta mutum zai iya sayar wa ko ba wa ɗan jiharsu wanda ya kai shekara 18 ba tare da dila ba. Ƙaramar bindiga kuwa, fistol, sai an je wajen dila ko ofishin sherif an cike takarda an bincike mai karɓa. Waɗanda aka ɗauke wa wannan su ne miji da mata, iyaye da 'ya'ya, kaka da jika, ka lura babu wa da ƙane a ciki, don haka da fistol ce a kwalin nan ko uwarsu ɗaya ubansu ɗaya sai sun je. Kuma kada tsawon kwali ya ruɗe ka, in bakin bindigar bai kai inci 16 ba, ko inci 18 ga mai watsa harsashi, ko ita gaba ɗayanta bata kai inci 26 ba, ta fita daga sahun dogaye. Da a New York muke ko California ai ko doguwar ma sai ta bi ta dila, a Ohio ko Texas kuma jiha bata tilasta ba, kowa da nasa tsarin.

Sai na ukun, wanda shi ne ya shafe mu kai tsaye. Ko doka ta yarda, wa zai ɗauki kayan? Kamfanonin kai kaya na UPS da FedEx yanzu basa karɓar bindiga daga hannun mutum haka kawai, sai mai lasisi wanda ya sa hannu a yarjejeniya da su, mu kuma bamu da ko ɗaya. In ka naɗe ta da salatif ka rubuta kayan gyaran mota ka tura da akawun ɗinmu, ranar da aka gano sunan shagon nan ne a jikin lebul ba sunan kwastoma ba, akawun ya tafi, abincinmu ni da kai ya tafi, ba a ma zo maganar 'yan ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi, ba tukuna.

Hanyar da ta rage masa in lallai sai ya aika da kansa ita ce gidan waya, ya ɗauka ya je kanta da ƙafarsa. Suna karɓar doguwar bindiga zuwa ga ɗan jiha ɗaya, amma babu harsashi a cikinta, kuma kada ya cusa kwalin harsashi a gefe don gidan waya basa ɗaukar harsashi kwata kwata. Bayan kwalin kada a rubuta komai da zai nuna abin da ke ciki, ko tambarin kamfanin bindigar ne a jiki ya canja kwali, ya biya sabis mai lambar bibiya wanda sai an sa hannu kafin a miƙa. Ma'aikacin yana da ikon ya ce a buɗe ya gani ko a rubuta masa shaidar cewa babu harsashi, kada ya yi fushi, aikinsa ne. Fistol kuma tun 1927 aka yi dokar hana mutum marar lasisi sa ta a gidan waya, ana ta ja-in-ja a kanta a kotu, mu dai ba mu za mu ce wa kowa ya gwada ba.

Ni in da ƙanena ne ba zan ma bi gidan wayar ba. Shekara nawa rabonsa da zama da ƙanen nan, ya san ko wata rigima ta taɓa kai shi gaban alƙali, ko matarsa ta taɓa karɓo takardar kariya daga kotu a kansa? Irin wannan ba a faɗa a waya, ko ɗan'uwanka ɓoye maka zai yi don kunya. Ya kai wa dila a nan, dila ya tura wa dila a Pittsburgh, ƙanen ya je da katin shaidarsa ya cike fom 4473, takardar tarayya da mai karɓar bindiga ke cikewa wajen dila, a buga wa 'yan sandan jiha su bincika, in ya fito fes ya ɗauki abarsa. 'Yan daloli ne zai biya kowane ɓangare, ya kwana da hankalinsa kwance, in wani abu ya faru bayan shekara biyar akwai takarda da ta nuna ranar da bindigar ta bar hannunsa.

Wani abu kuma tunda maganar ta zo, masu kawo mana durom da akwatunan da za a sa a kwantena zuwa gida, Legas ko Tema ko Kwatano, ka ci gaba da buɗewa a gabansu kamar yadda na koya maka ko da dattijo ne, ko sassan bindiga ne fitar da su daga ƙasar nan babu lasisi babban laifi ne, can ma kwastan na jira.

In ya dawo gobe ka tarbe shi da fara'a, ka ce Maigida ya ce ba ma ɗauka, ka faɗa masa hanyoyi biyun nan, in ya matsa ka ba shi lambata mu yi magana. Kuma kada ka bari ya bar kwalin a shago ya ce zai dawo ya ɗauka, ko na minti goma ne ya fita da abinsa.