Na Haddace Kalmomin Turanci 1,200, Amma JAMB Ta Sake Kayar da Ni

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce daga Zariya, sau biyu ke nan ina zana jarrabawar JAMB, burina in karanta aikin jinya. A Bayoloji da Kemistiri da Fiziks ina ƙoƙari, Turanci ne yake ja ni baya, bara 44 na samu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne tambayoyin nan na kalma mafi kusa da ma'ana da kuma kishiyarta. Na sayi wata takarda a wurin lesin mai ɗauke da kalmomi 1,200 da ma'anoninsu, aka ce daga ciki ake fito da tambayoyi. Na haddace su kaf, har barci nake hana kaina. A ɗakin jarrabawa na ga kalmomin da na sani, na zaɓi ma'anar da na haddace, amma sakamako ya fito ba daɗi. Babana ya ce wannan karon ne na ƙarshe da zai saya mini fom. Malam, kaina ne ba ya ja, ko kuwa in ƙara yawan kalmomin?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Ki kwantar da hankalinki, kanki yana ja. Wadda ta iya haddace kalmomi 1,200 a harshen da ba shi ta tsotsa a nono ba, babu mai kiran ta daƙiƙiya. Hanyar da aka ɗora ki a kai ce ba ta ɓullewa. Kada ki ƙara ko kalma ɗaya a wannan jerin.

Ki ɗauka wani baƙo ya zo Zariya koyon Hausa, aka ba shi takarda aka rubuta masa cewa "ci" yana nufin sa abinci a baki a tauna a haɗiye. Ya haddace, ya riƙe gam. Da ya fita gari sai ya ji ana cewa wane ya ci jarrabawa, wane ya ci bashi, wane ya ci amanar abokinsa, wane ya ci sarauta, wuta ta ci rumfuna, alkali ya ci shi tara, kasuwar ƙauyen ranar Laraba take ci. Me haddarsa za ta tsinana masa? Ke kuwa ba ki taɓa rikicewa a kan waɗannan ba ko sau ɗaya, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da ke ya lissafa miki su. Kina jin kalmar da ke gabanta da wadda ke bayanta, ma'anar ta faɗo miki. Wannan basirar da kike da ita a Hausa, ita ce masu tsara tambayoyin suke so su gani ko kina da ita a Turanci. Shi ya sa ba sa jefo miki kalma tsirararta, sai sun sa ta cikin jimla.

Ga misali na ƙirƙiro miki. "The commissioner acted quickly to check the spread of cholera." Ana neman kalma mafi kusa da ma'anar check, zaɓin kuwa examine, halt, confirm, record. Na tabbata a takardarki check na nufin dubawa, don haka hannunki zai tafi kan examine kafin ki gama karanta jimlar. To, kwamishina zai yi gaggawa ne don ya tsaya yana duba yadda kwalara ke yaɗuwa? Gaggawarsa ta daƙile ta ce. Amsar halt ce. Kuma examine ɗin nan ba kuskure ne ya kawo ta cikin zaɓin ba. Wanda ya tsara tambayar ya san ma'anar da kowa ya fi sani, ya ɗauko ta da gangan ya ɗana tarko da ita. Ɗalibin da bai san kalmar ba ko kaɗan yakan tsaya ya karanta jimlar don ba shi da wata madafa, sau da yawa ma ya dace. Wanda ya haddace ma'ana ɗaya kuwa yana gani yana dannawa, zuciyarsa fes, ya wuce. Abin da ya same ki ke nan, shi ya sa kika fito kina ganin kin yi ƙoƙari.

Wannan maganar ta haddar jerin kalmomi ta ishe ni, domin kusan kullum sai na gamu da ita. Duk shekara da an fara sayar da fom, sai takardu su cika gari da zaurukan WhatsApp: kalmomi 500 da tilas su fito, kalmomi 1,000 na sirri, wai wani na ciki ne ya fitar. Ƙarya ce. Tun 2015 jarrabawar nan gaba ɗayanta ta koma kan kwamfuta, kwanaki ake ɗauka ana yin ta, rukuni bayan rukuni, kuma ba tambayoyi iri ɗaya kowa yake gani ba. Wanda ya ce miki ya san abin da zai bayyana a allon kwamfutarki, kuɗin babanki yake so. Na sha karɓar irin takardun nan daga hannun ɗalibai ina dubawa. Kalma ɗaya, ma'ana ɗaya, babu jimla ko guda, wani lokaci ma ma'anar kanta ba daidai ba ce. An cika su da dogayen kalmomin da ko 'yan jaridar Ingila ba sa yawan amfani da su, don yaro ya gani ya tsorata ya ce lalle wannan malamin ya san Turanci. Alhali kalmomin da suke kayar da yara gajeru ne, na yau da kullum, waɗanda kowa yake zaton ya gama da su tun firamare: check, mean, sound, grave, novel, bear, fast. Su ne suke da fuska uku, huɗu, har biyar.

Dubi sanction. Duk mai sauraron labarai ya san ta da ma'anar takunkumi, musamman tun lokacin da ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi bayan juyin mulkin Yulin 2023. Amma in aka ce "The board refused to sanction the payment", cewa ake yi hukumar ta ƙi amincewa a biya kuɗin. Kalma ɗaya, a nan hukunci, a can sahalewa. Wace takarda mai layi biyu ce za ta koya miki wannan?

Na san inda abin ya samo ƙarfi a wurinmu. Mun taso muna girmama hadda, kuma muna da gaskiya, domin da ita aka kiyaye Alƙur'ani a ƙirazan mutane ƙarni bayan ƙarni. Amma hadda tana aiki ne a inda lafazi yake tsaye, ba ya sauyawa. Ko a zauren tafsiri, in malami zai fassara kalma sai ya dubi ayar da take ciki da abin da ya gabace ta. Masu sayar da takardun nan sun san muna son hadda, sai suka ɗauki wannan kyakkyawar ɗabi'a tamu suka mai da ita hanyar cin abinci. Yarinya ta hana kanta barci wata uku, ta yi aikin baban giwa, ta faɗi, sannan ta koma tana zargin ƙwaƙwalwar da Allah ya ba ta. Uba ya sayar da hatsinsa ya biya kuɗin lesin, a ƙarshe ya yanke cewa 'yarsa ba ta karatu ba ce. Wannan haƙƙi ne, kuma duk wanda yake kiran kansa malami yana yin haka ya ji tsoron Allah. Su ne dai gobe za su dawo su ce a kawo kuɗi za su ƙara wa yaro maki a sakamakonsa, abin da hukumar JAMB ta sha fitowa tana cewa damfara ce.

To, me za ki yi daga yau? Ki samo tambayoyin shekarun baya. Duk tambayar da kika zo kanta, ki rufe zaɓin huɗun da hannunki ko da takarda. Ki karanta jimlar daga farko har aya, ki faɗa wa kanki da Hausa abin da kalmar take nufi a wannan wurin, da bakinki, ko da "hana" ne ko "rowa". Sai kin yi haka sannan ki buɗe zaɓin ki nemi wanda ya yi daidai da abin da kika faɗa. Kin zaɓa, ki mayar da shi gurbin kalmar ki sake karanta jimlar ki ji ko ta zauna. Da farko za ki ga kamar ɓata lokaci ne. Bayan mako biyu ko uku abin zai zama jiki. Ki kuma sa ido a kan ƙananan kalmomin da suke juya akalar zance, irin su but, although, yet, because, domin sau da yawa su suke nuna miki inda ma'anar ta dosa.

Ki yi hattara da tambayoyin kishiya, nan ne gaggawa take cin mutane. "Although he was wealthy, he was too mean to pay his workers well." Ana neman kishiyar mean, an ba ki stingy, kind, generous, average. Wadda ta manta cewa kishiya ake nema za ta danna stingy. Wadda ta haddace mean da ma'anar mugu za ta danna kind. Jimlar kuwa zancen dukiya da biyan ma'aikata take yi, rowa ke nan, kishiyarta generous.

Littafin da za ki buɗe na kurakuranki ne. Duk tambayar da kika faɗi, ki kwafe jimlar gaba ɗayanta, ki rubuta abin da ya ruɗe ki, sannan ki buɗe ƙamus na Turanci zuwa Turanci, irin na Oxford na masu koyo, ki karanta ma'ana ta biyu da ta uku da ta huɗu tare da misalansu. Kada ki tsaya a ta farko. Amsoshin da ke bayan littattafan tambayoyin da ake sayarwa a kasuwa ma kada ki ɗauke su kamar yankan wuƙa, na sha samun kuskure a cikinsu. In amsarsu ta saɓa wa ƙamus, ki kai wa malamin Turancin makarantarku ya duba. Sannan kullum ki karanta shafi ɗaya na jarida. Dabarar da nake ba ɗalibaina ita ce su karanta labari a Aminiya, sannan su nemi labarin wannan al'amari a Daily Trust. Tunda kin riga kin san abin da ya faru, sabuwar kalma za ta buɗe miki kanta ba tare da ƙamus ba.

Batun lokaci gajere ne. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 daga ciki na Turanci, kowace tambaya tana da daƙiƙa 40 ke nan in aka raba daidai. Tambayar kalma bai kamata ta cinye miki su duka ba, abin da kika rage ki kai shi lissafin Fiziks. Ba a cire maki don an yi kuskure, saboda haka kada ki bar ko ɗaya babu amsa. In an buɗe rajistar jarrabawar gwaji ta hukumar, ki shiga, hannunki ya saba da kwamfuta. Masu karatu da suke shirin jarrabawar SAT ta shiga jami'o'in Amurka su ma wannan aikin ne a gabansu, domin tun 2016 aka rage tambayar baƙin kalmomi masu wuyar sha'ani aka koma kan ma'anar kalma a cikin zance, kuma akwai gwaji kyauta a manhajar Bluebook.

Kalmomin da kika haddace ba su tafi a banza ba, kin dai san fuskarsu ɗaya, saura ki ga sauran. Ki ɗauki goma a kowace rana daga takardar taki, ki duba ƙamus, ki rubuta wa kowace jimla biyu masu ma'ana daban. Ki nuna wa babanki wannan amsar, ki nuna masa littafin kurakuran in ya yi wata guda, ya ga yadda suke raguwa da idonsa. Allah ya ba ki sa'a, 'yata.