Shiga tseren keke na tara taimako tare da ƙaramin yaro

Malama, kin tambaya ko ya dace ki shiga tseren keke na tara kuɗin taimako tare da ɗanki mai shekara 4. Ya dace, amma sai kin fara duba nisan hanyar, sannan ki tambayi masu shirya taron ko sun ƙayyade shekarun masu shiga. Tafiyar Landan zuwa Brighton da gidauniyar British Heart Foundation ke shiryawa a Ingila, alal misali, ta kai kusan mil 54, kuma akwai hawan tsaunin Ditchling Beacon dab da ƙarshenta, wanda manya ma kan sauka su tura kekensu. Irin wannan ba ta ƙaramin yaro ba ce, a ganina gajeriyar tafiya ta iyali ta ishe ku.

Yaro mai waɗannan shekaru ba zai iya tuƙa nasa keken cikin cunkoso ba, don haka ki ɗaura masa kujerar yara a bayan naki, wadda galibi takan ɗauki nauyin kilo 22. Ki sa masa hular kwano daidai kansa, ki kuma ɗaure ƙafafunsa da maɗaurin kujerar, domin diddigen yaro yakan faɗa cikin wayoyin taya da zarar gyangyaɗi ya ɗauke shi. Ki gwada tafiya da shi sau biyu ko uku tukuna, saboda nauyinsa zai sa birki ya yi jinkirin kamawa a gangara. Kada ki manta da ruwan sha da ɗan abin taɓawa.