Amsoshin tambayoyinku: fawabank, tocila, agogon zamani da na'urar bin sawun pragya

Wani matashi daga Asawase a Kumasi ya ce shi da abokansa suna zuwa Abono, bakin tafkin Bosomtwe, duk bayan Sallah, kuma yana son lasifikar Bluetooth wadda ruwa ba ya ɓata ta. Mai shago a Adum ya rantse masa cewa tasa ko a kogi aka jefa ba abin da zai same ta.

Ɗana, bar rantsuwar mai shago, juya kwalin ka nemi haruffan IP da lambobi biyu a gabansu. Ta farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. IPX4 yayyafi da fantsama kawai take jurewa. IP67 ita ce wadda ƙura ba ta shiga, kuma za ta iya yin minti 30 a ruwa mai zurfin mita ɗaya. In ba ka ga wannan rubutun ba, ɗauka cewa ba ta da kariya. Ko IP67 ɗin ma sai murfin robar da ke bakin caji yana rufe ruf, kuma kada ka soka mata caja sai ta bushe sarai.

Wata Hajiya mai sayar da atamfa a Kejetia ta rubuto tana kuka da fawabank. An rubuta 50,000mAh a jikinsa (mAh ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka ne), yana shiga aljihun jakarta, amma ko sau ɗaya bai taɓa cika mata waya ba. Tana tambaya ko wayar ce ta lalace.

Hajiya, wayarki lafiyarta ƙalau, jabu aka sayar miki. Zan tsaya a nan na ɗan lokaci, domin a cikin kayan zamani babu inda ake cutar mutanenmu kamar batir, kuma cutar ba ta tsaya a kuɗi ba, tana kaiwa ga gobara.

Mu fara da na gaskiya ma. Batirin da ke cikin fawabank bolt 3.7 ne, kuma a kan wannan ake lissafin lambar da ke jikin kwali. Mai 10,000mAh yana ɗauke da 37Wh na wuta ke nan, wato wutar da za ta ba da wat 37 na awa guda. Kafin wutar ta kai ga wayarki sai an ɗaga ta zuwa bolt 5, wayar kuma ta sake sauke ta, kowane mataki wani abu yana tafiya a zafi. Abin da ke isa batirin waya bai cika wuce kashi biyu cikin uku ba. Don haka wayar da batirinta 5,000mAh ne, irin yawancin Tecno da Infinix da ke hannun jama'a, fawabank mai 10,000 na ƙwarai zai cika ta sau ɗaya da ɗan ƙari, ba sau biyu ba. Mai 20,000 zai yi sau biyu da rabi ko kusa da haka. Wanda ya san wannan ba zai zagi kaya mai kyau ba, ba kuma zai yarda da maras kyau ba.

Sai nauyi. Wuta a batir tana da nauyinta, ba a iya ɓoye shi. Batirin nan mai kama da ɗan yatsa da ake kira 18650, wanda ke cikin tocila da tsofaffin kwamfutocin hannu, na ainihi giram 45 zuwa 50 ne, kuma mafi ƙarfinsa bai wuce wajen 3,500mAh ba. Duk wanda kika ga an buga masa 9,900mAh ƙarya ce tsagwaronta. In za a tara 50,000mAh na gaskiya ana buƙatar irinsa wajen goma sha biyar, nauyin kuwa zai doshi kilo guda. Mai 10,000 na kirki yana kusa da giram 200, mai 20,000 wajen giram 350 zuwa 450. A Kejetia kike, sikeli bai yi miki nisa ba. Ki ce wa mai shago za ki auna kafin ki tura masa kuɗi ta MoMo, ki dubi fuskarsa.

Amma masu jabu ma sun san wannan. Akwai waɗanda ke sa batir ɗaya mai rai, su cika sauran bututun da yashi don abin ya yi nauyi a hannu. Akwai masu ɓare batiran tsohuwar kwamfuta da suka gama aikinsu, su sa musu sabuwar riga. Saboda haka sikeli yana kama rabin ɓarayi ne kawai. Gwaji na biyu a gida ake yinsa: ki cika fawabank ɗin taf, ki bar waya ta sauko kashi 10, ki jona, ki ajiye ta ba tare da taɓawa ba, ki rubuta inda ta kai, ki maimaita har ya mutu. A yi wannan a kwana biyun farko, tun rasit yana hannu. Masu gyaran waya da yawa suna da ɗan ma'aunin da ake sokawa tsakanin fawabank da igiya, yana nuna adadin wutar da ta wuce, kuna iya roƙon su su gwada muku. Shagon da ya ƙi rubuta rasit mai ɗauke da sunan kaya da kwanakin garanti, fita ki bar masa kayansa.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ba a gani daga waje. A cikin fawabank na ƙwarai akwai ɗan allo mai yanke caji in batir ya cika, ya kuma yanke in ya yi ƙasa da yawa ko wayoyi suka haɗu. Wurin nan ne masu jabu ke fara rage kuɗi. Sai ka ga mutum ya jona shi da dare ya tura ƙarƙashin matashin kai, a ɗaki ɗaya da yara huɗu da katifar soso, a gidan haya da ɗakuna ke manne da juna. Wallahi wannan ba abin wasa ba ne. Batirin litiyam in ya kama wuta yana ci da kansa, da hayaƙi mai guba. A riƙa caji a kan siminti ko tayil, a inda ido ke gani. Kada direba ya bar shi a gaban gilashin mota da rana. In ya kumbura, ko ya yi zafin da hannu ba ya iya riƙewa, ko ya fara wari, aikinsa ya ƙare: kada a huda shi, kada a danne shi don ya koma daidai, a sa shi a gwangwanin ƙarfe mai yashi a waje, nesa da ɗaki. Kada kuma a jefa shi a bolar da ake cinna wa wuta. Araha ba ta ado, Hajiya. In kuɗin mai 20,000 na ainihi ya yi miki yawa, sayi mai 10,000 na kamfanin da ke da wakili da garanti, ya fi miki wannan da kike riƙe da shi sau goma.

Wani dattijo mai gadin shaguna a Tafo yana tambaya kan tocilar goshi da aka ce haskenta lumen 100,000 ne (lumen ma'aunin ƙarfin haske ne).

Baba, ƙaryar dai ita ce, a wani kwalin. Batir ɗaya na 18650 in ana jan hasken lumen 1,000 daga gare shi, awa guda ko ƙasa da haka zai yi, tocilar kuma ta ɗau zafi. Aikin gadi da tafiyar asuba lumen 200 zuwa 300 sun ishe su. Nemi wadda ake iya rage mata haske da wadda ake cire batirinta, ka sayi batir na biyu na ainihi ka ajiye a ɗan akwatin roba. Kada ka sa shi tsirara a aljihu ɗaya da makullai ko kwabbai, ƙarfe na iya haɗa kawunansa biyu ya ƙone ka.

Wani mai fataucin masara da ke kwana a ƙauyukan Ejura ya ce zai sayi fawabank mai farantin sola a bayansa don ya huta da neman wurin caji.

Alhaji, farantin da bai wuce tafin hannu ba wajen wat ɗaya yake bayarwa a rana mai ƙarfi. Cika 37Wh zai ci kusan awa 40 na tsakar rana, wato fiye da mako guda, balle da damina ko lokacin da ƙurar hunturu ta rufe sama. Ga shi kuma shanya batir a rana yana kashe shi da wuri. Sayi farantin da ake naɗewa mai wat 20, ka shimfiɗa shi a rana, ka ja igiya zuwa fawabank da ke inuwa. Igiyar ta kasance gajera mai kauri, don siririya mai tsawo tana cinye wuta a hanya. Ka riƙa goge ƙurar farantin kullum da tsumma mai laushi.

Wani kuma yana tambayar wace manhaja ce ke cajin waya in an fuskantar da allonta ga rana. Babu ita, ba a kuma taɓa yin ta ba. Talla za ta cika maka waya da shi, rana kuma ta lalata maka batir. Goge ta yau ɗin nan, kuma ka daina tura wa mutane irin wannan.

Wata baiwar Allah daga Aboabo ta ce mahaifiyarta tana da ciwon suga da hawan jini, tsohuwar kuma ta gaji da sukar yatsa kullum. Ta ga agogon hannu da aka ce yana auna duka biyun ba allura, har ta fara tara kuɗi.

'Yata, Allah ya yi miki albarka, ya ba Mama lafiya. Tausayinki a wurinsa yake, amma ki riƙe kuɗinki. A watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a kada su dogara da agogo ko zoben da ke cewa yana auna sugan jini ba tare da huda fata ba, domin ba ta amince da ko ɗaya ba. Haɗarin a fili yake: agogo ya nuna lafiya alhali suga ya faɗi, ko a sha magani a kan lambar ƙarya. Ki ci gaba da na'urar yatsa, sai dai a riƙa suka a gefen yatsa ba tsakiya ba, a riƙa sauya yatsu, a kuma canza allurar, don wadda ta dakushe ita ce mai zafi. Na hawan jini ki sayi mai ɗamara a damtse, wadda girmanta ya dace da hannun Mama. Ta zauna ta huta minti biyar, bayanta a jingine, hannu a kan tebur daidai ƙirji, sannan a auna. Ki riƙa rubutawa a littafi kina kai wa likita. In kina son agogon don ƙirga takunta a tafiyar safe, wannan yana iya yi, kuma mai sauƙin kuɗi ma ya isa.

Na ƙarshe, mai pragya (keken haya mai ƙafa uku) biyu a Sawaba yana son na'urar da ke nuna inda keken yake a waya.

Saya, tana da amfani, amma yawancinsu sakaci ne ke kashe su. Layin waya ne a cikinta, ranar da data ta ƙare ko aka rufe layin ta makance, don haka yi rajistar layin da katinka na Ghana Card, ka sa ranar sabuntawa a wayarka. Yawancin masu araha da lambar sirri 123456 suke zuwa, canza ta a ranar farko, in ba haka ba wani ma zai iya bin sawun kekenka. Kai wa mai wayarin da ka amince da shi a Suame Magazine, unguwar makanikai, ya sa mata fis, ya naɗe haɗin da kyau, ya ɓoye ta a inda ƙarfe bai rufe ta ta sama ba kuma ruwan wanki ba ya kai wa. In keke zai yi kwanaki a ajiye, ka sani tana jan batir a hankali. Ka gwada ta a gaban mai haɗawa, ku zaga har Kejetia ku dawo kana kallon taswira, kafin ka biya. Mai kashe inji daga nesa kada ka taɓa danna ta keke yana gudu da fasinja. In kuma an sace, kai wayar ofishin 'yan sanda ku tafi tare, kada ka tara samari ku bi ɓarawo da kanku.